Suleja da Baƙin da Babu Wanda Ya Ƙirga

Tun kafin a sallame sallar asuba Suleja take fara kwarara zuwa Abuja. Ma'aikatan gwamnati, masu gadi, magina, 'yan tireda, kowa na rububin mota a bakin titi, a wuce Madalla, a bar Dutsen Zuma a baya, a faɗa Zuba. Garin kwana ne ga dubban mutanen da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu.

Sai hantsi ya dubi ludayi ake ganin ɗaya ayarin, wanda ba ya cika mota, ba ya kuma hayaniya. Motar Minna za ta tsaya, mace ta sauko da goyo, yara uku ko huɗu na riƙe da gefen zaninta. Kayanta buhu ɗaya ne da aka ɗaure bakinsa da tsumma, sai tabarma, sai tukunya. A tafin hannunta akwai 'yar takarda mai lambar waya. Ta roƙi mai shayi ko ɗan acaɓa ya kira mata, ta samu inuwa ta zauna.

Can sai ga wanda aka kira, ƙane ne, ko ɗan ƙane, ko surukin maƙwabci. "Sannu da hanya, Inna. Ya muka ji da haƙuri?" Ya saɓa buhun, su shige lungu. Babu jami'in da ya rubuta sunanta. Babu wanda ya tambaye ta daga wane ƙauye aka taso ta, ko mutum nawa ta baro a hannun mutanen daji.

Ba a san Suleja da sansanin 'yan gudun hijira irin na Gwada ko Kuta ba, shi ya sa in ana lissafin waɗanda rikicin Jihar Neja ya raba da gidajensu, ba kasafai sunanta ke fitowa ba. Amma wanda ya shiga gidajen haya na Madalla da Kwamba da Maje da Rafin Sanyi, ko ya ƙetara Gauraka da Sabon Wuse a ƙaramar hukumar Tafa, ya san mutanen suna nan. Kuma wanda ke ciyar da su talaka ne ɗan'uwansu.

Inda aka taso su

Daga Suleja zuwa Minna, ta Dikko da Lambata da Paiko, tafiyar kilomita 100 ce ko kusa. Daga Minna kuma Gwada da Kuta ba nisa. Gabas da arewa da nan ne ƙasar da ake gudu: Shiroro, Munya, Rafi, wani yanki na Paikoro, sannan can sama Mariga, Magama, Mashegu da Kontagora.

Neja ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, murabba'in kilomita wajen dubu 76, kuma dazukanta a haɗe suke da na Birnin Gwari da Zamfara da Kebbi. Duk lokacin da aka matsa wa 'yan bindiga a wancan gefen, nan suke gangarowa. Abin ya faro da satar shanu, kuma makiyaya ne suka fara ɗanɗanawa. Daga nan ya koma ɗaukar mutane don kuɗin fansa, 'yan sa-kai suka shiga da ramuwar da sau da yawa ba ta bambanta mai laifi da mai kama da shi, wuta ta ƙara ruruwa. Akwai kuma zinari a ƙasar Shiroro, kuma inda ake haƙar zinari ba hukuma, bindiga ce ke raba gardama.

A 2021 ne duniya ta waiwayo. Ranar 17 ga Fabrairu aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, aka kashe ɗalibi ɗaya, aka tafi da mutum 42. A watan Afrilu gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya ziyarci mutum sama da dubu 3 da suka fake a makarantar firamare ta IBB a Minna, a nan ya faɗa da bakinsa cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure ta Shiroro, ta ƙwace matan mutane, kuma wurin bai wuce tafiyar awa biyu zuwa Abuja ba. Ranar 30 ga Mayu aka kwashe yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji.

A watan Nuwamba na shekarar wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Hakan bai rage komai a ƙasa ba. A Janairun 2022 gwamnan ya shaida wa 'yan jarida cewa cikin kwana 17 na farkon shekara an kashe sama da mutum 200, an kai hari a garuruwa wajen 300. A lokacin ne kuma gwamnatin jihar ta ce sama da mutum dubu 150 aka raba da gidajensu cikin shekara biyu.

Masu nazari suna rarrabe dabar Dogo Gide, da ta Ali Kawaje wanda aka kashe a ƙarshen 2023, da 'yan Boko Haram na Malam Sadiku da suka yi gida a dajin Allawa. Manomin da aka tasa ba ruwansa da wannan rarrabewa. Abin da ya sani shi ne an aiko da saƙon haraji kafin shuka, an sake aikowa kafin girbi, an tilasta wa samarin gari noma gonar da ba tasu ba, wata rana kuma aka zo aka ce 'yarsa ake so.

Wani lokacin daga sama mutuwar ke zuwa. A Afrilun 2022 mutanen Kurebe suka ce jirgin yaƙi ya kashe musu yara 6. Wani lokacin daga ƙasa: a Fabrairun shekarar bam da aka binne a hanya ya hallaka jami'an tsaron farin kaya 4 a Galadima Kogo. Jami'an tsaro su ma sun zubar da jini. An kashe sojoji da 'yan sanda da dama a harin wurin haƙar ma'adinai na Ajata Aboki a Yunin 2022, kuma a Agustan 2023 rundunar soji ta yi asarar mutum 36 tsakanin kwanton ɓauna a yankin Zungeru da faɗuwar jirgi mai saukar ungulu kusa da Chukuba.

Allawa ita ce misalin da ya fi tsaya wa mutane a rai. A Afrilun 2024, bayan wani kwanton ɓauna, sojojin da ke garin suka kwashe nasu ya nasu. Mutanen gari ba su jira an ce musu komai ba. Suka bi bayansu a ƙafa, tsofaffi da masu ciki da jarirai, zuwa Erena da Gwada da Kuta. Wata guda bayan nan aka shiga Kuchi ta Munya aka kora mutum wajen 150 daji. Zuwa Nuwamban 2025 abin ya kai can yamma, Papiri ta Agwara, inda aka ɗauke ɗalibai da malamai sama da 200 daga makarantar St. Mary.

Ajin da ya zama ɗakin kwana

Yawancin abin da ake kira sansani a Neja makarantar firamare ce. A ture bencina gefe, mata da yara su shimfiɗa tabarmi a aji, maza su kwana a baranda ko masallaci ko gindin bishiya. Yaran garin da suke da makarantar su ma karatunsu ya tsaya. Bayin da aka gina don 'yan makaranta na 'yan awoyi ya koma na ɗaruruwan mutane dare da rana, sai amai da gudawa, sai ƙyanda, sai zazzaɓi in damina ta sauka.

Abinci na zuwa ne in babban mutum ya zo. A sauke buhunan shinkafa da masara, jarkokin mai, katan na taliya, barguna da gidan sauro, a ɗauki hoto, a tafi. Kafin wata motar ta sake zuwa, Allah kaɗai ya san ranar.

Magidancin da ya saba cika rumbu ba ya iya zaman jiran buhu. Wanda gonarsa ke kusa sai ya riƙa satar hanya da sassafe, ya yi noma kunnensa na kan ƙarar babur, ya dawo kafin la'asar. Da yawa ba su dawo ba. A Agustan 2024 an kashe manoma 13 a gonakinsu a Anguwan Mai-Giro ta Shiroro. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a birni sai ya sayar da akuyar da ta rage ya yi kuɗin mota. Ta haka sansani ke tace mutane: masu dangi da masu sauran ƙarfi su wuce Minna da Suleja da gefen Abuja, waɗanda ba su da kowa su saura a aji.

Garin da gudu ya kafa

Suleja ba baƙuwar wannan lamari ba ce. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya gangaro kudu, ya zauna a Zuba cikin Koro da Gwari. Ya rasu a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Har yau Sarkin Zazzau Suleja ake kiran mai sarautar garin, kuma Alhaji Muhammad Awwal Ibrahim da ke kan karaga shi ne gwamnan farar hula na farko a Jihar Neja, daga 1979 zuwa 1983.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin ya zama sabon babban birnin ƙasa. Masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunanta, garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwarin da aka tasa daga Wuse aka tsugunar da su a Sabon Wuse. Da aka yi rusau a Abuja tsakanin 2003 da 2007, kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, nan mutane suka sake tuɗaɗowa. Da Boko Haram ta ƙone Arewa maso Gabas, 'yan Borno da Yobe da Adamawa ma sun samu ɗakuna a nan.

Garin kansa ya ga bam. Ranar 8 ga Afrilun 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisa, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ya kashe mutum fiye da 10, har da masu yi wa ƙasa hidima. Ranar Kirsimeti ta shekarar aka tayar da wani a cocin St. Theresa da ke Madalla, mutum wajen 40 suka mutu. Ranar ƙarshe ta shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15, Suleja ce kaɗai daga Neja.

Limamin cocin Madalla a wancan lokaci, Fada Isaac Achi, ya tsira. Ranar 15 ga Janairun 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro ta Paikoro, ya ƙone a ciki. Rikicin birni ya bar shi, na daji ya same shi bayan shekara 11.

Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya

A shiga ɗaya daga cikin gidajen nan masu ɗakuna a jere, bayi ɗaya, rijiya ɗaya da ke ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Maigida lebura ne ko mai gadi a Abuja, rabin abin da yake samu na tafiya a kuɗin mota. Yana da ciki da falo, mata ɗaya, yara huɗu. Aka wayi gari yayarsa ta iso da nata biyar, da surukarta tsohuwa. Mijin yayar ko an kashe shi, ko yana daji ana cinikin fansarsa.

Falo ya koma ɗakin mata. Samari su kwana a shagon maƙwabci ko barandar masallaci. Mudun garin da ke kai iyalin kwana biyu ya koma na dare ɗaya. Ruwa kuwa saye ake yi a hannun 'yan garuwa, jarka jarka, kuma wanka da wankin mutum goma sha ba irin na mutum shida ba ne. Uwargida ce ke riƙe da ludayi, ita ce ke sanin wa za a rage wa, kuma yawanci kanta take fara ragewa.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta shekara uku rana ba ta ɗauke ta ba. Makon farko ana jaje, maƙwabta na aiko da kwano. Wata na shida an daina aikowa. Shekara ta zagayo, mai gida ya zo karɓar haya, kuma a Suleja ta shekara guda ake biya a dunƙule. Ya ga takalma sun yi yawa a ƙofar ɗaki, ya ce masai zai cika da wuri, ya ƙara kuɗi ko ya ba da wa'adi. Daga nan ne ƙananan maganganu ke fara fita tsakanin uwargida da dangin miji, a kan sabulu, a kan gawayi, a kan yaron da ya yi fitsarin kwance.

Sai batun fansa. In ana neman miliyoyi kafin a sako mutum, da babur sabo, da katin waya, wa ake kira? Ɗan'uwan da ke birni, tun da ana ganin yana kusa da Abuja. Ya ci bashi a wurin aiki, ya ɗauki adashin matarsa, ya sayar da filin da ya shekara goma yana biya. Ran da aka sako wanda aka kama, gida biyu ne suka talauce.

Wanda ya zo da ƙarfinsa zai nemi abin yi. Dako a Kasuwar IBB, turin baro, kwaɓa siminti a gine-ginen gefen Abuja, fasa dutse, jari-bola, acaɓa da babur na haya. Mata su shiga wankau da aikatau, 'yan mata su ɗauki talla. Duk sana'o'in da talakan gari ke ci da su ne, don haka kowane sabon hannu yana karya farashin wanda ya riga shi. Tsofaffi da naƙasassu su gangara bara, a Abuja kuwa tun Oktoban 2024 ministan birnin, Nyesom Wike, ya sa a riƙa kama mabarata.

Asarar manomin doya ta fi yadda ɗan birni ke zato. Ƙasar Shiroro da Munya da Paikoro ƙasar doya ce, kasuwannin Gwada da Kuta da Paiko da ita aka san su, ƙwarya ƙwarya ake lodawa zuwa kudu da arewa. Jarin mai doya shi ne irinsa, wanda yake warewa daga girbin bana ya binne baɗi. In ya gudu ya bar shi shekara ɗaya, ya ruɓe ko an cinye, kuma sayen sabon iri na gona guda ya fi ƙarfin mai turin baro. Ko da yau aka ce masa daji ya lafa, ba shi da abin da zai sa a ƙasa. Doyar da ya saba kyautar da ita, yanzu ɗaya ɗaya yake tayawa a kasuwar Suleja ya kasa saye.

Wannan tsada ba ta tsaya a kansa ba. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, gonaki kuma na kwance ba noma. A farkon Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, bayan kwana biyu Suleja ta ɗauka.

Yara su ne abin dubawa. Wanda ya baro aji huɗu a ƙauye ya zo ba takarda, ba kuɗin kayan makaranta, ajin gwamnati kuma a cike yake maƙil. Shekara biyu a gida, ya wuce sa'anninsa tsawo, kunya ta hana shi komawa. Akwai kuma ciwon da ba a kai wa asibiti. Yaron da ya ga an shigo garinsu a kan babura, in ya ji uku sun taho a jere sai ya ruga ƙarƙashin gado, ga shi an kawo shi garin da babur ba ya yankewa daga asuba har tsakar dare.

Agaji na bin sansani

Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wadda ke bin diddigin waɗannan alƙaluma, tana lissafa sama da mutum miliyan 2 da ke gudun hijira a Arewa maso Gabas, da sama da miliyan 1 a Arewa maso Yamma da Arewa ta Tsakiya. A wannan kashi na biyu, wajen 80 cikin 100 ba a sansani suke ba, a cikin jama'a suke zaune. Ke nan abin da ke faruwa a Suleja shi ne yadda yawancin gudun hijirar yankin yake.

Tsarin agaji kuwa bai taso a haka ba. Shirin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a 2025 ya nemi dala miliyan 910, na jihohi uku ne: Borno, Adamawa da Yobe. Ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana kukan cewa an bar Arewa maso Yamma a baya duk da yawan yaran da tamowa ke kamawa. Neja ba ta ma cikin wannan yanki a taswirar siyasa, tana Arewa ta Tsakiya. Ko waɗancan jihohi ukun ma aljihun ya tsuke. Bayan Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yuli cewa mutum miliyan 1.3 na iya rasa abincin da take ba su.

Saura hukumomin gida: NEMA da aka kafa a 1999, takwararta ta jiha NSEMA, hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, da ma'aikatar jinƙai da aka ƙirƙira a 2019, wadda aka dakatar da ministarta a Janairun 2024 kan zargin karkatar da kuɗi. Su ma bala'i ɗaya ba ya jiran ɗaya. A 2025 kaɗai, tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, ƙofar Suleja, a watan Janairu, ta kashe mutum kusan 100, sannan ambaliyar Mokwa ta tafi da sama da 150 a ƙarshen Mayu. In motar kayan agaji ta tashi, inda mutane ke tare a wuri ɗaya take nufa, inda za a iya jera su a layi. Matar da ke kwana a falon ƙaninta a Kwamba ba ta cikin kowane layi.

Abin mamaki, an riga an rubuta maganin wannan a takarda. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnati ta buɗe rajistar duk wanda aka raba da gidansa, ta sake ba shi takardun shaidar da ya rasa, ta kuma tallafa wa jama'ar da suka sauke shi. Ta shekara sama da goma ba a mayar da ita dokar ƙasa ba. Manufar ƙasa kan 'yan gudun hijira ma sai a 2021 majalisar zartarwa ta amince da ita.

Kowa da inda yake kallo

Jami'an gwamnati suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ga yadda sansanonin Maiduguri suka shekara goma, kuma ba sa son a kafa irinsu a ƙofar Abuja. A ganinsu, duk wanda aka yi wa masauki mai daɗi a birni ba zai koma gona ba, alhali gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta ɗora sunanta ne kacokan a kan noma. Sun fi son kuɗin ya tafi wajen tsaro, a kori mutanen daji, kowa ya koma gida. Matsalar ita ce shekara biyar ke nan ana wannan magana, yaran da aka haifa a hanya sun isa shiga makaranta.

Jami'an tsaro da masu unguwanni nasu tsoron daban. Garin da ya ga 2011 ba zai ƙi tambayar baƙo daga ina yake ba, kuma hare-haren da aka kai Garam ta Tafa a ƙarshen 2023 da farkon 2024 sun nuna daji bai yi nisa ba. Ana tsoron infoma, ana tsoron mai kai musu burodi da fetur. Sai dai zargin kan sauka a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Bafulatanin da aka sace wa shanu ya gudo gari, gaba kura baya siyaki: a daji an ce ya ƙi shiga, a gari ana kallonsa ɗan leƙen asiri, mai gidan haya na jin hausarsa ya ce ɗakin an kama.

Malamai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ne ke toshe ɓarakar da za su iya, da zakka, da buɗa-baki, da karo-karo. Wani lokacin taimakon kan jawo gardama. A Mayun 2024 kakakin majalisar dokokin jihar, Abdulmalik Sarkindaji, ya ce zai ɗauki nauyin aurar da 'yan mata 100 a Mariga, da yawansu marayun da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye. Ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta tashi haiƙan ta ce a binciki shekarunsu da yardarsu, malamai suka mayar mata da martani, daga baya aka sasanta. An yi makonni ana musu a kan auren. Tambayar da ta fi wuya, wato me ya sa ƙaramar hukuma ɗaya ta tara marayu haka, ba ta samu rabin wannan hayaniya ba.

Su kansu waɗanda aka taso bakinsu bai zo ɗaya ba. Dattawa gida suke so, ko da za a biya haraji, ko da sulhun da kowa ya san ba ya daɗewa ne, don ba sa son a binne su a maƙabartar da ba su san kowa ba. Samarin da suka fara riƙe kuɗin acaɓa kullum ba su da niyyar komawa riƙe fartanya. Matan da aka kashe wa maza kuma ba su da wurin komawa, gonar ta dangin miji ce.

Rajistar da ba a buɗe ba

Ƙirga waɗannan mutane ba abu ne da ya gagara ba. Masarauta na da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma da su aka bi gida gida lokacin rigakafin shan-inna. Mai unguwa ya san gidan da aka yi baƙi, limami ya san wanda ya ƙaru a sahu, fasto ya san nasa. Da za a ba su littafi, a haɗa su da ma'aikatan lafiya na unguwa, da an san yara nawa ke buƙatar gurbi a aji, mata nawa ke da ciki ba awo, gidaje nawa ke ciyar da ninkin mutanensu. Tallafin kuɗi ta waya ko ta katin banki zai iya isa ɗakin haya, inda motar shinkafa ba ta shiga, kuma a raba shi tsakanin baƙo da mai masaukinsa.

Abin da ke hana buɗe littafin, a ganina, shi ne wanda aka rubuta sunansa gobe zai dawo ya tambayi ina nasa, kuma babu hukumar da ke son ɗaukar wannan bashi, daga ƙaramar hukuma har tarayya. Garin gaba ɗaya ma ba a san yawansa ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum wajen dubu 216, tun kafin Boko Haram ta ɗauki makami gadan-gadan, tun kafin a ji sunan Kaure ko Allawa a rediyo. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki a fara.